Likitan Tanta da Hanyarsa a Kan Allon Ces

 Sharhinmu na yau a kan wasan ces ne, darar nan mai gida 64 da ake bugawa da 'ya'ya 16 farare da 16 baƙaƙe. Kuma a kan mutum guda za mu tsaya, Dakta Bassem Amin na ƙasar Masar, wanda babu ɗan Afirkan da ya kai shi nisa a wannan wasa tun da aka fara auna ƙarfin 'yan wasa da maki.

Abin da ya sa na ɗauko shi, wasan ya shigo garinmu na Yola da ƙarfinsa. Tun da Tunde Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024 ya yi sa'o'i 60 yana bugawa, har iyayen da ba su taɓa ganin allon ba sun ji labarinsa. Ɗalibai a Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya (AUN) da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha suna bugawa a waya, wasu da mutanen Indiya, wasu da na Rasha. Har a sansanonin 'yan gudun hijira da ke kewayen Yola an samu masu sa kai da suka kai alluna suna koya wa yara. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta zo tare da wayar, wadda ke damuna. Yaro zai kalli bidiyon wani tarko da ake cin abokin wasa da shi cikin motsi takwas, ya haddace, ya yi mako guda yana ɗana wa mutane. Ranar da ya gamu da wanda ya san maganin tarkon, sai ya watsar ya nemo wani bidiyon. Shekara ta zagayo ya taɓa salon buɗe wasa ashirin, bai riƙe ko ɗaya ba. Rayuwar Bassem Amin a kan allo ta bi wata hanya dabam, kuma ina ganin tasa ce ta fi dacewa da mu.

An haife shi a 1988 a Tanta, wani babban gari da ke tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. A 2006 hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ba shi matsayin girandmasta, yana da ƙasa da shekara 19. Bari in ɗan fayyace wannan matsayi, don sau da yawa mukan kira duk wanda ya gagari unguwarsu da wannan suna. FIDE ta fara ba da shi a hukumance a 1950, ga mutum 27 kacal, kuma har yau waɗanda suka taɓa samunsa a duniya duka kimanin 2,000 ne. Kafin a ba ka, sai makinka ya taɓa 2500. Sannan sai ka yi bajinta irin ta mai maki 2600 a gasa uku, wasanninsu su kai aƙalla 27 in an haɗa, kuma a kowace gasa cikin abokan karawarka a samu girandmasta aƙalla uku, a samu kuma 'yan ƙasashe dabam-dabam. Akwai gajeriyar hanya ga wanda ya ci wasu manyan gasanni irin su gasar nahiya, kamar yadda Kenny Solomon na Afirka ta Kudu ya samu nasa da cin gasar Afirka ta 2014. Ban da wannan, sai dai ka bi doguwar.

Bassem ya samu matsayin, bai ajiye littafin makaranta ba. Ya shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Tanta, ya kammala a 2012. Duk wanda ke da ɗa ko ƙane a wannan fanni ya san abin da ake nufi: karatun dare, zagayen ɗakunan marasa lafiya, jarrabawa a kan jarrabawa. A tsakiyar wannan ɗawainiya ya ci kambun Afirka na farko a 2009. Bayan ya fito ya sake ci a 2013, da 2015, da 2017, da 2018, sannan ya zo har ƙasarmu ya ɗauka a Legas a 2022. A 2017 ya lashe babbar gasar Abu Dhabi, inda manyan 'yan wasa daga Turai da Asiya ke taruwa. A watan Janairun 2019 makinsa ya kai 2712. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya haye 2700, iyakar da ake ware gwanayen gwanaye da ita. Ba shi kaɗai Masar ta fitar ba, akwai abokin tafiyarsa Ahmed Adly wanda ya ci gasar matasa ta duniya a 2007, kuma su biyun sun yi shekaru suna karɓe-karɓen kambun Afirka a tsakaninsu.

To, yaya mai karatun likita ya yi ya riƙe wannan matsayi, alhali abokan hamayyarsa ba su da wani aiki daga safe zuwa dare sai nazarin ces? Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda yake buɗe wasa.

Mu da muka tashi muna kallon dara ba sai an yi mana dogon bayani ba. Gida 30 ne a haƙa a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Kafin a fara ci sai an gama zubi, kowa yana ajiye ɗa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan dattawa suna bugawa a gindin dalbejiya ya lura cewa gwani ba ya zubi da ka. Yana da tsarin da hannunsa ya saba da shi, ya san inda kowane ɗa zai amfane shi can gaba, kuma sau da yawa tun a zubin ake gane wanda zai sha kaye. Buɗe wasa a ces shi ne zubin. Bambancin kawai, a ces an rubuta dubban littattafai a kansa, kwamfuta kuma ta zo ta ƙara zurfafa shi, har akwai hanyoyin da sai mutum ya haddace motsi 25 ko fiye kafin ya fara tunani da kansa. In ka manta ɗaya, ka faɗa rami.

Bassem yana taɓa hanyoyi da dama kamar kowane babban ɗan wasa, amma wadda aka san shi da ita in yana riƙe da farare ita ce King's Indian Attack, mu kira ta Farmakin Indiya. Wanda ke da allo kusa ya jawo shi. Layukan da suka miƙe daga gabanka zuwa gaban abokin wasanka suna da haruffa, a zuwa h, waɗanda suka gitta kuma lambobi, 1 zuwa 8. Dokin da ke gefen sarki ya yi tsalle zuwa f3. Sojan da ke g2 ya matsa g3, bishof ya shiga gurbin da ya bari. Sarki ya shige lungu, hasumiya ta fito ta tsaya kusa da shi. Sojan d ya taka ɗaya zuwa d3, ɗaya dokin ya zo d2, sannan sojan e ya tsaya a e4. Motsi bakwai ke nan, kuma kusan duk abin da mai baƙaƙe ya buga, za ka iya kafa wannan tsari.

A ido, tsarin kamar na mai tsoro ne. Ban da soja guda, babu ɗan da ya wuce layi na uku. An bar wa abokin karawa fili ya baje kolinsa a tsakiya. Amma in ya kai sarkinsa lungun da ke fuskantar naka, sai aikin ya fara. Sojan e ya ƙara taku zuwa e5, ya kori dokin da ke gadin sarkin baƙaƙe, ya kuma raba allon gida biyu. Hasumiya ta zo e1 ta dafa masa baya. Dokin d2 ya koma f1, daga nan ya bi ta h2 ya ɓullo g4. Sojan h ya taso zuwa h4, ya nufi h5. A hankali mayaƙa biyar ko shida sun taru a ƙofar sarki guda. Shi kuma mai baƙaƙe ba zama yake yi ba, yana can ɗaya gefen yana tura sojojinsa na a da b da c don ya fasa gidanka ta baya. Tsere ne. Sai dai ladan tseren ba ɗaya ba ne: in shi ya riga ka, soja ko biyu zai ci, in kai ka riga shi, sarki za ka kashe.

Wasan da ya fi nuna wannan a fili a nan Afirka aka buga shi, a garin Sousse na ƙasar Tunisiya a 1967, tsakanin Bobby Fischer na Amurka, yana ɗan shekara 24, da Myagmarsuren na ƙasar Mongoliya. Kowa ya bi shirinsa kamar yadda na zayyana. Ɗan Mongoliya ya fasa gefen sarauniya, sojansa guda ya ci hanya har ya isa c2, saura taku ɗaya ya zama sabuwar sarauniya. Fischer bai ko waiwaye shi ba. A motsi na 28 ya kawo hasumiya h4. A na 29 ya mayar da bishof ɗinsa g2, gurbin da ya fara zama tun farkon wasa, motsin da mai kallo zai ɗauka ja da baya ne. A na 30 sarauniya ta tsaya h6. A na 31 ya ɗauki sarauniyar tasa, mafi daraja a cikin mayaƙansa, ya ci sojan h7 da ita, a gidan da sarkin baƙaƙe zai cinye ta nan take. Myagmarsuren ya duba, ya miƙa hannu. Ya ga cewa in ya ci sarauniyar, sojan h zai ci g6 ya buɗe wa hasumiya hanya. In sarki ya koma baya, hasumiya ta kashe shi a h8. In ya fito ya ci sojan, wannan bishof da ya koma g2 shi zai zo e4 ya rufe zance. Ina roƙon duk mai koyar da yara a garin nan ya jera musu wannan wasa a kan allo, motsi bayan motsi, ya riƙa tsayawa yana tambayarsu me za su buga. Wasa ɗaya irin wannan da aka fahimta ya fi tarko talatin da aka haddace.

A ganina, abin da ya sa wannan hanya ta karɓi Bassem shi ne ba ta cin lokacin hadda, tana neman sabo ne. Wanda ya buga ta sau ɗari ya san lokacin da ake tura e5 da lokacin da ake haƙuri, ya san irin abokin karawar da za a sauya wa shiri a koma gefen sarauniya, ya san ƙarshen wasan da take haifarwa in farmakin bai ci ba. Abokin hamayyarsa yana iya kwana da kwamfuta yana shiri, ya san sarai abin da Bassem zai buga, amma a motsi na 15 za su tsinci kansu a filin da ɗaya ya yi shekaru yana zagayawa, ɗayan kuwa jiya ya fara leƙa shi.

In ya riƙe baƙaƙe ma tunanin bai sauya ba. Wanda ya buɗe masa da sojan d yakan tarar da Kariyar Indiya, wato wannan tsari dai na bishof a lungu da sarki a bayansa, an juyo da shi ɗaya ɓangaren allon. Abin da ya koya da farare yana yi masa aiki da baƙaƙe. Wanda kuma ya buɗe da sojan e ya bi hanyar Ruy Lopez, wadda aka sa wa sunan wani limamin coci ɗan Sifen da ya rubuta littafi a kan wasan a 1561, yakan gamu da salon Breyer. Wannan salo yana da motsi guda da ke ba sabon ɗan wasa mamaki. A motsi na tara, dokin baƙaƙe da ya riga ya fito c6 sai ya koma b8, inda ya taso. Duk ƙa'idar da aka koya wa yaro ta ce kada ya yi haka. Amma dokin yana tare wa sojan c hanya ne, yana kuma toshe wa bishof gani. Da ya koma, sai ya sake fitowa ta d7, inda yake tsare tsakiya ba tare da ya takura kowa ba. Gyula Breyer, ɗan ƙasar Hangari da ake danganta salon da shi, ya rasu a 1921 yana da shekara 28, bai ga yadda zakarun duniya irin su Boris Spassky suka mayar da shi abin dogaro ba. Wanda ya zaɓi Breyer ya zaɓi doguwar kokawa, ba ya neman a gama da wuri.

Kada a ce na ɓoye aibin hanyar. Mai farare shi ke fara motsi, kuma wannan 'yar riba ce da manyan 'yan wasa ke ƙoƙarin juyawa. Farmakin Indiya yana sakin wannan riba tun farko, kwamfuta ma in ka tambaye ta za ta ce allon daidai yake. Shi ya sa 'yan sahun farko na duniya ba su mayar da shi babban makaminsu ba, sukan ɗauko shi jefi-jefi. Kuma tazarar da ke tsakanin gwanin Afirka da waɗannan mutane tana nan. A watan Mayun 2019 an gayyaci Bassem gasar wasan sauri a Abidjan ta ƙasar Kwaddibuwa, tare da Magnus Carlsen da Hikaru Nakamura da Ding Liren da wasu shida irinsu. Carlsen ya ci gasar, Bassem ya zo na goma cikin goma. Ba na ganin wannan abin kunya ne. Su duk shekara da junansu suke bugawa, shi kuwa sai an yi sa'a ake kiransa irin wannan zama. Wani gargaɗin kuma ga malamai: yaro ɗan shekara takwas da bai iya kai hari biyu da doki ba, bai iya kashe sarki da hasumiya guda ba, kada a ɗora shi kan tsarin da zai riƙa jerawa ido rufe. A bar shi ya fara da buɗaɗɗen wasa, a ci shi ya ci, hannunsa ya faɗa. In ya kai munzalin zaɓar hanya, a sa shi ya zaɓi ɗaya ya zauna a kanta shekara biyu ko uku.

Yanzu mu dawo gida. Nijeriya, da yawan jama'arta, har yau ba ta da girandmasta ko ɗaya. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. A gasar ƙasashen duniya ta 1998 a Elista ta ƙasar Rasha, Odion Aikhoje ya ciwo mana lambar zinare a allo na biyu. Ba kuma baƙon abu ba ne wasan a wannan yanki. A 1934 wani jami'in Turawan mulki, C. K. Meek, ya rubuta cewa ya tarar ana buga wani nau'insa a Barno da sunan tsatsarandi, inda ake kiran sarkin allon Mai, wasu mayaƙan kuma Ciroma da Kaigama, sarautun da mu ma muke da su a fadar Lamiɗon Adamawa. Abin da ke kashe mana gwiwa shi ne sharuɗɗan nan da na lissafa ɗazu. Ina za ka samu girandmasta uku a gasa ɗaya in ƙasarka ba ta da ko guda? Amon Simutowe na Zambiya, wanda ya zama zakaran ƙasarsu yana ɗan shekara 14, sai da ya yi shekaru yana yawo tsakanin Turai da Amurka kafin ya cika sharaɗi na uku a Holan a 2007, aka tabbatar masa da matsayin a 2009, ya zama na farko daga ƙasashen kudu da Sahara. Mu kuwa a Adamawa, manyan gasannin ƙasar ma a Legas da Abuja ake yin yawancinsu, kuma daga Jimeta zuwa Legas a mota ya haura kilomita 1,000. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin Keke Napep zuwa makaranta ba zai yi wannan tafiya duk wata ba.

Saboda haka ne nake cewa mai ƙarancin lokaci da kuɗi da malami ba shi da halin ɓarnatar da su a kan hanyoyi ashirin. Haka kuma ina kira ga iyaye. Da yawa suna tsoron wasan zai cinye karatu, ko ya ja yaro ga caca, ko ya sa shi sakaci da salla, kuma tsoronsu yana kan hanya in aka bar yaro da waya har tsakar dare yana buga wasan minti ɗaya-ɗaya. Maganin shi ne a fitar da wasan daga ɗaki a kawo shi fili, a sa masa lokaci da mai kula. Likitan Tanta shaida ne cewa ana iya riƙe biyun.

Abin da za mu iya yi a garin nan ba ya buƙatar jiran Abuja. Makarantun sakandare irin su Kwalejin Janar Murtala da Kwalejin Aliyu Musɗafa da Sakandaren 'Yan Mata ta Yola suna da ɗakunan taro da tebura. A samu gasa guda duk wata, a riƙa zagayawa da ita tsakanin Yola da Jimeta, a buga dogon wasa da agogo, kowane ɗan wasa da takarda da biro yana rubuta motsinsa. Rubutun nan shi ne ginshiƙi, don wanda bai rubuta wasansa ba ba shi da abin da zai koma ya duba ya ga inda hanyarsa ta karkace. Sannan a tura mutum biyu ko uku su samu horon alƙalanci ta hannun hukumar ces ta ƙasa, domin sai da alƙali mai lasisi ake yi wa gasa rajista da FIDE, kuma sai gasa mai rajista ke ba yaro makin da duniya ta sani. In wannan ya kankama, Garwa ta Kamaru tana nan kusa da mu a bakin Binuwai, ta fi mana Abuja kusa nesa ba kusa ba, kuma duk ɗan wasan da ya tsallako daga can ɗan wata ƙasa ne a lissafin FIDE. Masu hannu da shuni da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallon ƙafa a unguwanninmu, daga Doubeli zuwa Jambutu, su sani cewa alluna 20 da agogo 20 sun isa a zaunar da yara 40 a gasa guda.